Daminar da Malam Ya Fasa Aikin Hannunsa

Shekarar da masana'antar da maigidana ke aiki a Kano ta rufe, abokan aikinsa sun koma garuruwansu da katifu da rediyo da ɗan abin da aka sallame su da shi. Mu da inji muka dawo. Tsohon injin fere ƙarfe ne, tsawonsa ya kai gadon mutum ɗaya, masu kamfanin sun daɗe da jingine shi a bayan ɗakin aiki. Malam, wato maigidan nawa, ya roƙa aka bar masa shi a cikin sallamarsa. A bayan motar ɗaukar gyaɗa aka kawo mu, ni da yara a kan ƙullin kaya, shi kuma yana tsaye riƙe da igiyar da aka ɗaure injin da ita, tun daga Kano har ƙauyenmu, can gaba da Bici ta hanyar Watari.

Da aka sauke shi a ƙofar gida, surukata ta fito ta zagaya shi, ta dube ni ta ce, "To, wannan ta ina ake cin abinci a jikinsa?" Ni ma tambayar da na taho da ita ke nan a raina.

Shekaru ne masu wuya. Sabulu da gishiri sai an bi layi, taki sai wanda ya san wani. Gonar gidan ba ta da girma, kuma a wajenmu inda taka ta ƙare nan ta maƙwabci ta fara, babu dajin da mutum zai sare ya ƙara. Ga shi mun ƙara wa gidan bakuna. Ni na koma abin da na taso na tarar a gidanmu, ina biya wa matan unguwa karatu da hantsi, da yamma in soya ƙuli-ƙuli. Malam yana noma da safe kamar kowa.

Babu wutar lantarki a garin. Yayan Malam yana da injin niƙa a wani ɗaki a bakin hanya, sai suka shirya tsakaninsu: da safe a yi wa mata niƙa, bayan azahar a cire bel a ja shi zuwa injin Malam. Saboda haka duk abin da ya fere a shekarun nan da garin dawa a jikinsa yake fita. Shi ma haka yake shigowa gida, fari fat har gashin ido.

Kafintoci ya hango. A lokacin kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje sun ɗauke a kasuwa, in ma an samu ba mai iya taɓawa. Kafinta yana da abin kankare katako mai kyau, amma mariƙinsa ya karye. Yana da abin matse katako, amma kunnen da ake murɗawa ya cinye. 'Yan kaɗan kuma suna da zarton inji, wato tebur da faifan zarto a tsakiya, ana juya shi da ƙaramin inji irin na ban ruwa. Bel ɗin da ke haɗa su yana hawa kan wani faifai mai kwari a baki, wanda suke kira fuli. Idan fuli ya lalace, aiki ya tsaya ke nan.

Duk waɗannan Malam yana iya yin su da alminiyam, wanda mu mata muke cewa dalma, irin na tukwanen girki. Yakan sayo tsofaffin fistin na mota da na babur a wajen makanikan Bici, ya narka su da gawayi a bayan gida, ya zuba a cikin ramin da ya tsara a yashi. In ya huce sai ya ɗaura a inji ya fere shi har ya yi daidai.

Yin abin bai ba shi wahala ba kamar samun wanda zai yarda ya karɓa. Mutane sun saba ganin dalma a kan murhu, ba a jikin kayan aiki ba. Yakan ɗauki kekensa ranar kasuwa ya bi rumfunan kafintoci, ya gaisa, ya zauna, ya yi ta kallon yadda suke aiki. Ya fara da ƙananan abubuwa, mariƙi da kunne. Bai taɓa yarda a kwatanta masa abu da baki ba, sai ya je ya ga kayan da idonsa ya auna da wani ƙarfen awo mai baki kamar awartaki. In ya gama, da kansa yake kaiwa ya ɗaura, ya tsaya har a kankare katako na farko a gabansa. Akwai kuma aikin da yake ƙi. Wani ya taɓa zuwa har gida yana so a yi masa sandar da faifan zarto ke juyawa a kai. Ranar ko miya ba mu da ta kirki, ina jin su daga cikin soro. Malam ya ce masa, "Wannan ba aikin alminiyam ba ne, baƙin ƙarfe yake so. In na yi maka zai lanƙwashe." Ya kwatanta masa inda zai je a Kano. Na ji zafi a raina, amma mutumin nan shi ne ya fara turo masa abokansa.

A Shanono akwai wani tsohon kafinta, Babarbare ne, kakanninsa suka zo suka zauna. Kusan duk kafintocin yankin ko a hannunsa suka koya, ko a hannun wanda ya koya a wajensa. Malam ya san in tsohon ya yarda da shi, sauran ba za su yi gardama ba. Ya yi ta zuwa yana gaishe shi. Kullum amsar ɗaya ce: "Yaro, ni ba na ɗora tukunya a kan zartona." Sai a damina ta biyu da dawowarmu, fulin tsohon ya tsage, aka neme shi a Kano aka rasa, ga shi ya karɓi aikin bencina da tagogin wata makarantar Islamiyya. Dole ta sa ya aiko. Ranar Malam ya shigo gida yana murmushi, har ya tsaya ya ɗauki 'yar autarmu ya cilla sama, abin da bai saba ba.

A wannan lokacin ne fistin ya yi wuya, domin makanikai sun daina zubarwa, gyarawa suke yi su mayar. Malam ya karɓi tarkacen alminiyam a wajen 'yan gwangwan, kowane iri a haɗe. Ruwa kuma ya ƙi ɗaukewa, yashi bai taɓa bushewa sosai ba. Ya narka da yawa a zubi ɗaya, ya yi fulin tsohon da na wasu kafintoci da suka daɗe suna jira. Ya fere, suka fito sumul, ya kai wa kowa nasa.

Guda ɗaya ya rage bai fere ba, sai bayan 'yan kwanaki. Na aika a kira shi ya sha fura, aka ce ya ƙi tasowa, sai na yafa mayafi na kai masa da kaina, tun da ɗakin niƙan a jikin katangarmu yake. Na tarar ya kashe inji yana zaune a ƙasa. Wannan fulin na ƙarshe ramin tsakiyarsa ya fi na sauran faɗi, da wuƙar injin ta ci ta shiga ciki sosai sai ta fito da wasu ƙananan ramuka. Ya cire ya sa masa guduma, ya rabe biyu ba wuya. Ya miƙo mini ɓari ɗaya. Cikinsa kamar cikin burodi.

Na ce, "Malam, sai ka sake narka shi mana."

Ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. 'Yan'uwansa nake tunani. Tukunya ɗaya suka fito."

"Ai ka ce sun yi kyau."

"Ta waje sun yi kyau. Wannan ma ta waje ya yi kyau."

Yayansa yana wajen yana share garin da ya zube. Mutumin kirki ne, kuma shi ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifinsu. Ya ce, "Ka saurare ni. Ba wanda ya kawo ƙara. Ka yi shiru, duk wanda nasa ya fashe ka canza masa ba tare da ya biya komai ba. Ba ka cuci kowa ba. Amma in ka je da bakinka ka ce kayanka ba su da kyau, ka kashe sana'ar nan da hannunka, mu kuma ga maimai ba mu yi ba."

Malam ya ce, "Yaya, abin nan gudu yake yi, kuma kafinta a kansa yake sunkuyawa. In ya fashe a fuskar mutum, me zan canza masa?"

Yayan ya ci gaba da shara.

Washegari da sassafe Malam ya ɗaura guduma da sifana a bayan keke ya fita, ciyawa tana cin gero a gona. Haka ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya a cikin taɓo, wani wurin sai ya saɓa keken a kafaɗa. Duk inda ya je magana ɗaya yake faɗa: ya yi amfani da ƙarfen da bai san asalinsa ba, yashinsa kuma da danshi, ba zai iya sanin lafiyar abin ba sai an fasa. A gaban mai shi yake fasawa. Wasu suka fito da ramuka, wasu babu. Wani kafinta a kusa da Watari, matashi mai ƙananan yara, nasa ko dukan kirki bai jira ba ya dare. Malam ya ce mutumin ya daɗe yana kallon ɓarin a hannunsa, sannan ya tashi ya shiga gida ya kawo masa ruwa.

Shanono ya bari a ƙarshe. Abin da ya faru a can ba daga bakinsa na ji ba, domin da ya dawo cewa kawai ya yi an gama. Matar tsohon ce ta ba ni labari daga baya, da muka saba. Rumfar mijinta a ƙofar gida take, komai a kunnenta aka yi.

Ta ce Malam ya tarar zarto yana ta aiki, katako jibge. Ya gaisa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon ya ce, "Tun da ka ɗaura shi ko tari bai yi ba. Ka tafi abinka, na yafe."

Malam ya ce, "Baba, ba zan iya rantse maka yana da lafiya ba, ba kuma zan iya rantsewa ba shi da ita ba. Sai an fasa ake gani."

"In ka fasa ka tarar lafiyarsa ƙalau fa?"

"Sai in gode wa Allah, in yi maka wani."

"Yaushe?"

"Ban sani ba tukuna. Ba ni da ƙarfe mai kyau a hannu."

Tsohon ya ce a sake tayar da injin da aka kashe don su yi magana. Malam bai yi gardama ba, sai ya zagaya ya tsaya daidai gefen da fulin ke juyawa, inda in ya fashe shi zai fara samu. Tsohon ya ce ya matsa, ya ce nan ya fi masa. Aka kashe inji. Haka suka zauna, suka je masallaci suka yi azahar a sahu ɗaya, suka dawo suka sake zama. Bayan la'asar tsohon ya ɗauki sifana ya jefa masa a gaban ƙafa.

Malam ya kwance fulin, ya ɗora a kan kututture, ya yi ta duka kafin ya rabe. Cikinsa a cike yake, yana ƙyalli, ko rami ɗaya babu. Mutanen da suka taru suka yi dariya. Tsohon bai yi ba. Ya ce, "Ka ga abin da ka yi mini." Ya shige gida, ranar ko tuwo bai ci ba.

Da gari ya waye ya fito ya tarar Malam yana rumfa, har ya sauko da dogon zarton hannu na mutum biyu da aka daɗe da ratayewa, yana wasa haƙoransa. Ashe a masallaci Malam ya kwana. Shi da babban ɗan tsohon suka ja zarton nan kwana da kwanaki har aka tsaga katakon makarantar. Tsohon bai yi masa magana ba ko sau ɗaya, amma kullum yakan sa a fito masa da abinci. Malam ya dawo gida tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa ya fashe. Ba ya iya riƙe buta, ni nake zuba masa ruwan alwala.

Saura a yi wa kowa sabo, kuma babu abin narkawa. Ina da babbar tukunyar da aka kawo ni da ita, ta girkin suna. Na fito da ita na ajiye a gabansa na ce ya narka. Ya juya ta, ya dube ta ciki da bai, ya ce, "Allah ya saka miki da alheri. Amma tukunyarki ba ta da ƙarfin da nake nema." Na ɗauka zai yi ta godiya ne har in ji kunya, sai ga shi ya raina mini tukunya. Muka yi dariya, karo na farko a cikin kwanakin nan. Tunkiyar da nake kiwo ita ta tafi a madadinta. Wani makanike a Bici yana da fistin da ya ɓoye, matarsa kuma ta kusa haihuwa, sai aka yi musaya. Yashin kuwa a kaskon da nake soya gyaɗa muka soya shi, ni ina juyawa yana tankaɗewa, har ya bushe ƙamas. Daga wannan zubin ya soma wata al'ada da bai bari ba har ya daina aiki: duk narkawar da zai yi sai ya zuba guda ɗaya na daban, ya fasa shi ya duba kafin ya taɓa sauran.

Kowa ya sami nasa. Amma abin da yayansa ya faɗa ya tabbata. Magana ta zaga kasuwanni cewa kayan mai inji fashewa suke, har shi da kansa yana bi yana karɓewa. Aiki ya ɗauke. Geron da bai sami maimai a kan kari ba ya ba mu abin da ya ga dama. Kakar nan ban ga rumbunmu ya kai rabi ba, kuma tun sanyi bai shiga ba na fara rage awo. Akwai ranakun da in na ga Malam yana shafa wa injin nan mai, ba aikin komai a kansa, sai in kau da kai don kada in faɗi abin da zan yi nadama. Bai taɓa cewa ya yi daidai ba, bai kuma taɓa cewa ya yi kuskure ba. Abin da na ji ya ambata kawai shi ne fulin tsohon. Yakan ce, "Kin ga wannan, da kyau ya fito. Da na san yadda ake ganin ciki ba a fasa ba."

Bayan an gama sussuka, wata rana da hantsi ina tsakar karatu da mata aka yi sallama da Malam. Tsohon ne, an goyo shi a babur, matarsa kuma ta biyo motar kasuwa za ta gidan suna a garinmu, ta shigo wajena. Bai zo da yabo ba. Wani ƙunshin tsumma ya kwance a soro, a ciki akwai abin kankare katakonsa, wanda ubangidan da ya koya masa sana'a ya bar masa. Murfin da ke danne wuƙar ya tsage tun shekaru, yana ɗaure shi da waya. Matar ta ce mini ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa shi.

Tsohon ya ce wa Malam, "Za ka iya?"

Malam ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Zan iya, Baba. Amma sai ka bar mini shi, kuma ba zai kai na asali daɗewa ba."

Tsohon ya ce, "Ni ma ba zan kai ba." Ya tashi ya bar shi a nan.

A cikin gida na tambayi matar me ya sauko da shi, tun da na ji irin fushin da ya yi. Ta ce fushin ya daɗe. Amma wata rana wani abokinsa ya zo yana yi wa Malam dariya a rumfa, sai tsohon ya ce masa ya tsufa a sana'ar nan yana jin masu kawo kaya suna rantsewa nasu ya fi na kowa, amma bai taɓa ganin wanda ya tako taɓo ya zo ya ce bai sani ba. Daga ranar, duk wanda ya zo da kayan aikin da ya lalace sai ya ce masa, "Kai wa mai inji. In ba zai yiwu ba, zai gaya maka."

Ba a rana ɗaya abin ya juya ba. A hankali suka riƙa zuwa, na Shanono da farko, sannan na Bici, har da waɗanda ba mu san garinsu ba. Da noman rani ya kankama a Watari, masu injin ban ruwa ma suka biyo. Ba mu yi arziki ba, amma ba mu sake rage awo ba, yaran kuma duk sun yi karatu, ɗaya har kwalejin horar da malamai ta Bici.

Daga baya zamani ya canza. Kayan gyara suka cika kasuwa, masu sheƙi, a cikin kwali, da araha fiye da abin da Malam zai kashe a gawayi kaɗai. Shi da kansa yake ce wa mutane su je su saya. Idonsa ma ya fara rauni, ya daina tayar da inji. Na ɗauka shi ke nan ƙofar gidanmu za ta yi shiru. Sai ga kafintoci suna zuwa da abin da suka sayo, tun bai fita daga kwali ba, su ce ya duba musu kafin su ɗaura. Yana zaune a kan tabarma a ƙarƙashin darbejiya, sai ya karɓa, ya jinjina nauyinsa a tafin hannu, ya rataye shi a yatsa ya ƙwanƙwasa da ƙusa, ya kara kunne. Wani ya ce a ɗaura, wani ya ce a mayar wa mai shago. Wani lokacin kuma ya miƙa wa mai shi ya ce, "Wannan ban gane masa ba. Ka ɗaura, amma ranar farko kada ka tsaya ta gefensa." Ba ya karɓar komai a kan haka. Su ne dai ba sa zuwa hannu sake, shi ya sa har yau kujerun tsakar gidana sun fi mutanen gidan yawa.